Inda Na Samo Sunan Sule Tiyo

Jiya da hantsi ɗayanku ya shigo garejin nan da 'yar na'urarsa, irin wadda ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi ciwonta, yana ce mini, "Baba Sule, ai kanikanci ya zama sauƙi yanzu. Ka jona, ka karanta, ka canza." Na ce to madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Sauran kuna bayansa kuna dariya ƙasa-ƙasa, kuma na san ba na'urar kuke yi wa ba, sunana kuke yi wa. Kaf Birnin Kudu, daga tasha har bakin kasuwa, babu mai ce mini Sule Kanike. Sule Tiyo ake ce mini, har ƙaramar jikata ta ɗauka shi aka raɗa mini ranar suna. To ku jawo tayoyin nan ku zauna ku ji inda na samo shi, don ba a arha na same shi ba.

A hannun Malam Iro na koyi aikin nan, Allah ya jiƙansa, a wata rumfar kwano a bakin titi inda yanzu ake sayar da katifu. Shekara biyu cur ban taɓa injin ba, sai wankin noti da kalanzir da sa dutse a bayan taya. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin hannu. Idan ya ce sufana sha biyu ka miƙo sha uku, ƙeyarka ce za ta gane bambancin. Kayan aikinsa duka ba su cika akwati ɗaya ba, amma akwai biyu da ko ɗan cikinsa ba ya taɓawa. Ɗaya dogon sukundireba ne da yake kafa bakinsa a jikin injin ya ɗora kunne a ƙotar. Ɗayan kuwa wani farin faranti ne da ya ɗauko daga ɗakin matarsa, wanda har ta koma ga Allah tana cigiyarsa. Duk abin da za ka huro daga cikin kafireta, a kan farantin nan za ka huro shi, ka sunkuya ka kalla. Yakan ce, "Sule, kada ka zubar da datti ba ka tambaye shi daga ina yake ba. Gobe ƙanensa zai zo." Da ya rasu farantin ya dawo hannuna, ni kuma da na fara jin kaina na jefa shi bayan akwati.

Ciwon da ya fi cin mutuncin kanike ba injin da ya buga ba ne, wannan kowa ya gani. Tirjiya ce. Mota tana tsaye lafiya, tana gudu a kwalta lafiya, amma ka sa giya ɗaya ka taka totur za ka tashi, sai ta yi turus kamar wadda aka aika wurin da ba ta so, ka ƙara takawa, sannan ta zabura da kai gaba ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da ka taka, iska ce ke fara rugawa cikin injin, mai yana biye. Idan man ya makara, ko iskar ta yi yawa, ko wutar da za ta kunna su ta yi sanyi, to a wannan ɗan tsakanin ne motar ke inda-inda. A tsofaffin motoci akwai wani ɗan famfo a jikin kafireta mai tsarto mai daidai lokacin da ka taka, robarsa takan bushe. Akwai kuma ƙaramin jet na silo, wanda ƙofarsa da ƙyar allura take shiga, shi ke ciyar da mota a ƙaramin gudu. A naku na zamani nozul ne ke toshewa, ko sansa mai auna iska ta yi datti ta riƙa yi wa kwamfutar motar ƙarya. Fulogi kuwa da wayarsa, waɗannan tun zamanin Malam Iro har gobe suna nan da halinsu.

Ko a watan jiya wata malamar makaranta daga Kangire ta kawo mini motarta, sau uku ana jona mata irin na'urarku, sau uku ana canza fulogi. Na tayar da injin, na ce kowa ya yi shiru, na bi babban tiyon iska da tafin hannu. Ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, na ji yana tsotsar hannuna ta wata tsaga. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ta ce wuta tana tsallake, kuma tana tsallakewa. Abin da ya sa ne ba ta sani ba. Malama ta ce, "Baba, shi ke nan?" Na ce shi ke nan, sai dai ki ajiye fulogan can ki yi wa jikokinki gado.

To yanzu ga labarin sunan. Alhaji Sabo na Gwaram, mai sayen riɗi da gero, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da duk ƙasar nan aka sani da Gwaggo, saboda ba a yi mata gaggawa kuma ba a yi mata tsawa. Direbanta Malam Buba, Bafulatani ne dogo siriri daga wajen Sundimina, shanunsa sun ƙare tun yana saurayi ya kama tuƙi, ya yi wa Alhaji fiye da shekara ashirin. Ni kuwa kakata Babarbariya ce, saboda haka tsokanarsa halal ce a gare ni ko da ya girme ni. Idan ya shigo nakan ce, "Malam Buba, yau ma ka taho da sandar kiwo ko ka gane wannan da totur ake kora ta?" Shi kuma ya ce, "Bawana, yi aikinka, iyayengijinka na magana kana sa baki." Ban taɓa ganin direba mai tausayin mota irinsa ba. Kafin ya karya kumallo sai ya duba mata ruwa da baƙin mai. Kuma kullum tsaf yake, da wata hula ɗinkin hannu mai zanen ja da kore wadda Alhaji ya ba shi a wata Sallah.

Shekarar da mai ya yi wuya, ku kuna goye ko ba a ma haife ku ba. Gidajen mai duk an ɗaure su da igiya, sai 'yan bumburutu da jarka da kwalba a bakin hanya, kuma abin da ke cikin kwalbar Allah kaɗai ya sani. Wani da yashi, wani da ruwa, wani an yi masa sirki da kalanzir. Filtar mai ta zama kamar gishiri a gari, kowa nema yake. Sunday, mutumin kudu mai shagon kayan gyara a nan bayanmu, wanda Hausarsa ta fi ta wasunku, ya rantse mini ko guda ɗaya ba ta rage masa ba. Ana haka ranar wata kasuwa Gwaggo ta shaƙe a ƙofar garejina da buhunan riɗi har sama. Na shiga ƙarƙashinta, don ita filtarta can take kusa da tanki, na tarar ta toshe tam. Sai na cire ta, na yanko guntun tiyo na haɗe bututun kai tsaye, na ɗaure da waya. Na fito ina kakkaɓe riga na ce, "Malam Buba, wannan na mako guda ne kafin kaya su zo. Amma ka riƙa tace man kafin ka zuba." Ya ce to. Mako ya wuce, wata ya wuce, aiki ya yi mana yawa, maganar ta fita daga kaina fit.

Damina ta wuce, sai ga Malam Buba da ƙorafi. "Gwaggo ta koyi sabon hali. Idan zan tashi sai ta tsaya shawara." Na ce ai ta gaji da jin warin nono ne. Na kwance fulogi, na ga sun ɗan ci, na canza, na gyara tayimin, na hure jet da baki na tofar a ƙasa, ta tashi sumul. Da Alhaji ya aiko yana tambaya na ce a gaya masa motarsa lafiyarta ƙalau. Kwana goma sai ga ta kuma. Wannan karon na canza robar ɗan famfon nan, na bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, na sake hure jet na tofar. Ta tashi sumul, na sake aika wa Alhaji cewa lafiyarta ƙalau, har da ƙarin cewa in dai inji ne na sa hannu, to a nemi matsalar a wani wuri. Za ku ce me ya hana ni duba filta. Ilimi ne ya hana ni, wallahi. Na san filta idan ta toshe a babban gudu take nuna kanta, ko a hawan tudu, Gwaggo kuwa a kwalta kamar ta tashi sama. Saboda haka na yanke cewa filtarta lafiya lau, ban ko durƙusa ba. Filtar da nake yi wa shaida ashe ba ta ma nan.

Abin da ya fasa ƙwai ya faru ne a tsakiyar kasuwar Gwaram. Alhaji yana zaune a gaban motar da farar babbar riga zai je ɗaurin aure, an miƙo masa ƙwaryar fura da nono ta taga ya riƙe wa surukarsa. Malam Buba ya sa giya, ya taka, Gwaggo ta yi shiru, ya ƙara takawa, ta zabura. Ƙwaryar nan kaf a ƙirjin Alhaji, har gemu, a gaban masu awo da dillalai da 'yan dako. An ce wani ɗan dako sai da ya ajiye buhu don ya ji daɗin dariya.

Ranar Alhamis Malam Buba ya kawo ta karo na uku, amma bai ce mini bawana ba, ni ma da na ga fuskarsa na haɗiye tsokanar da na tanada. Ya zauna a kan bencin can ya ce, "Sule, Alhaji ya ce kanike ya wanke motar sau biyu, saura direba. Ya ce ƙafata ce ta tsufa, rawa take yi a kan totur. Asabar zan miƙa makulli ga ƙanen Hajiya matarsa. Ya ce in kawo ta ka yi mata sabis, don sabon direba ya karɓe ta da kyau." Ya miƙe ƙafarsa ta dama yana kallonta. "Ni ban ji tana rawa ba. Amma ka san mutum ba ya jin tsufansa." Mutumin nan yana da iyali tara a Sundimina, ba shanu, ba gonar kirki, kuma a shekarunsa babu mai ba shi wata motar. Bakina ne kuma ya kai shi nan.

Na shiga bayan akwati na tono farantin Malam Iro, na wanke shi da omo na goge. Na kwance kafiretar gaba ɗaya, na zazzage ɗan man da ke cikinta a kan farantin, na ɗauki jet ɗin silo na hura a hankali. Wani abu ya faɗo, ɗan mitsitsi. Na sa tsinke na ja shi a kan farin, sai ya warware. Zare ne. Na duba cikin man da na zazzage, ga su nan birjik, gajeru-gajeru, wasu ja wasu kore. Na ce a raina ikon Allah, yaushe Gwaggo ta fara ɗinki? Na ɗaga kai zan nuna wa Malam Buba, daidai lokacin ya cire hula yana share gumi. Tsakiyar hular ta koɗe ta yi fari, zanen ya zube, kuma daga inda nake tsugune ina jin warin fetur.

Na ce, "Malam Buba, da me kake tace mai?"

Ya ɗaga hular. "Da wannan mana. Ba kai ka ce in riƙa tacewa ba? Nakan kifa ta a bakin tanki su zuba ta ciki. Ka ga yashin da take tarewa kuwa? Da yamma in wanke ta in shanya."

Kai ka ce in riƙa tacewa. Wannan maganar ce ta buɗe mini kai. Na kwanta na shige ƙarƙashin Gwaggo da rigata ta kirki. Ga guntun tiyona nan inda filta ya kamata ta kasance, ga ɗaurin wayata, murɗa uku da lanƙwasa, irin wanda duk garin nan ni kaɗai nake yi. Hular tana tare yashi, fetur yana cin zarenta, zaren yana wucewa ta tiyona ba mai ce masa daga ina, ya je ya kwanta a ƙofar jet. Na daɗe a ƙarƙashin motar nan ba don aikin yana da yawa ba, kunya ce ta hana ni fitowa.

Na je wurin Sunday na karɓo filta, don lokacin kaya sun daɗe da dawowa, na ba shi labari. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Oga Sule, ka sa filta ka rufe bakinka. Mota ta warke, wa ya sani?" Na so shawarar nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Motocin Alhaji huɗu duk ni nake dubawa, kuma a bakinsa rabin Gwaram suke jin wane ne kanike. Amma ina ɗaura filtar ina lissafin abin da zai biyo baya. Asabar ƙanen Hajiya zai karɓi mota lafiyayya, ya taka ta tashi sumul, Alhaji ya ce kun gani, dama na faɗa ƙafa ce. Wato gyaran nawa shi zai zama shaidar da za ta kashe Malam Buba har abada. Na wanke tanki, na haɗa komai, na sa zaren a kwalin ashana, na sa tiyon a aljihu, na ce, "Malam Buba, gobe da ni za ka koma Gwaram."

Bayan an sauko daga Juma'a muka sami Alhaji a zaurensa, mutane cike, har da ƙanen Hajiya yana zaune ya ci sabon takalmi. Na so a ce mu kaɗai ne, amma a gaban mutane aka ce ƙafar Malam Buba ta tsufa. Na gaishe shi, na ajiye tiyon da kwalin ashanar a kan darduma.

Ya ce, "Malam Sule, wannan fa? Tsaraba ce?"

Na ce, "Alhaji, wannan ita ce ƙafar Malam Buba da ake cewa tana rawa."

Na kwashe labari tun daga ranar riɗi na gaya masa, ban rage ba. Na ce ni na cire filta, ni na manta, ni na hure jet sau biyu ban kalli abin da ya fito ba, ni kuma na aiko masa da cewa motar lafiyarta ƙalau. Alhaji ya ɗauki tiyon yana juya shi, wuyansa yana kumbura. "Wato wata da watanni motata tana shan mai ba mataci? Wato furar da na yi wanka da ita a kasuwa aikinka ne?" Na ce aikina ne, Alhaji. Ya yi mini tas, ya kira ni da sunayen da ba zan maimaita a gabanku ba, kuma duk na ci su. Da ya gaji ya buɗe kwalin ashanar, ya ga ja da kore, ya ɗaga ido ya dubi kan direbansa.

"Buba, miƙo hular nan."

Ya miƙa. Alhaji ya juya ta, ya sansana, ya kawar da kai. "Hular da na ba ka da Sallah ita ka mayar rariya? Duk tsummokaran duniya ba ka samu ba?"

Malam Buba ya ce, "Alhaji, tsumma yana da datti. A cikin abin da na mallaka ita ce ta fi tsabta."

Alhaji ya mayar masa da hularsa. Sannan ya cire hular da ke kansa, sabuwa dal, ya miƙa masa, ya ce, "Wannan ta kai ce, ba ta tanki ba. Makulli kuma ya zauna inda yake." Ƙanen Hajiya ya sunkuya yana duba takalminsa. Ni kuwa Alhaji ya jefo mini tiyona ya ce, "Kai kuma Sule Tiyo, tashi ka ba ni wuri." Kafin in sami motar komowa sunan ya riga ni isowa Birnin Kudu.

Motocinsa huɗu ya kwashe ya kai wa wani, kuma har ya rasu bai dawo da ko ɗaya ba. Wasu ma suka bi shi. Shekarar nan na ji jiki, har facin taya na yi don a ɗora tukunya, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya leƙo ya ce, "Sule, akwai tiyo?" Na yi fushi, na yi zagi, na taɓa bin wani direba da sufana har tasha. Farantin dai tun daga ranar bai sake komawa bayan akwati ba, ga shi can kuna gani, kuma wanda ya ci wake a cikinsa zai gane kurensa.

Malam Buba ya ƙara shekara bakwai yana jan Gwaggo, har sai da ya aurar da 'ya'yansa ya ajiye da kansa. An hana shi kawo ta wurina, amma ba a hana shi bin titi ba. Duk ranar da ya shigo gari, idan ya zo daidai garejin nan sai ya taka birki ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ko babu kowa a gabansa. Ya sa giya ɗaya, ya leƙo ta taga ya ce, "Bawana, kalli ƙafar tsoho!" Sannan ya taka a hankali, Gwaggo ta tashi sumul, ko ruwa ka ɗora a kan bonet ba zai zube ba. Ranar da ya ajiye makulli ya tako da ƙafa har nan ya rataye tsohuwar hular a ƙusar can da kuke jingina babur a ƙarƙashinta, ya tafi. Bara aka yi jana'izarsa a Sundimina, na je.

To kai mai na'ura, tashi ka ɗauko farantin can, ga kafiretar keke mai ƙafa uku tana jiran ka, ka hura ka faɗa mini abin da ka gani. Sunan kuwa ku ci gaba da kira, ku daina rufe baki. Ina amsawa.